Ƙidayar Tsutsar Masara: Aikin da Manomi Ya Fi Kowa Iyawa

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan magana ta dace da manoman masara na ƙasar Birnin Gwari, tun daga Tsohon Birni har ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku, inda shekarun rashin tsaro suka sa zuwan malamin gona ya yi wuya.

Tsutsar da ake magana a kanta baƙuwa ce. Masana na kiranta Spodoptera frugiperda, asalinta kuwa nahiyar Amurka. A farkon shekarar 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya. Uwarta wata irin faɗa-wuta ce mai tashi da dare, tana saka ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule a jikin ganye, kuma a lokacin zafi kwana 30 ya isa ƙwai ya zama uwa. Ke nan a damina ɗaya ana iya yin zuri'a da dama.

To, yaya manomi zai san lokacin ɗaukar mataki? Sai ya ƙirga. Sau ɗaya a mako, da sassafe, ya ratsa gonar a karkace kamar harafin W, ya bar layukan gefe, ya tsaya wuri 5, a kowane wuri ya duba masara 10. Zai leƙa cikin ƙoƙon ganyen da ke saman kara, ya nemi sabon kashi mai kama da garin katako, ko ganyen da aka kankare har haske na ratsa shi. Babbar tsutsar tana da alamar Y a kife a kanta, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Idan masara tana ƙarama, aka sami 10 cikin 50 sun kamu, wato kashi 20 cikin 100, lokaci ya yi. In ba a kai haka ba, feshi ɓarnar kuɗi ne, ga shi yana kashe tururuwa da zanzaro masu cin tsutsar kyauta. A ganina wannan ita ce asarar da aka fi yi.

Dabarar ba tamu kaɗai ba ce. Manoman alkama a Ingila kan ajiye tarko 9 da abincin kaji a gona don ƙidayar dodon-koɗi marar ƙwarya, su ma a kan layin W.

Ƙidayar mutum ɗaya gonarsa kawai take amfana. Amma in manoma goma suka haɗa alƙalumansu ranar kasuwa, za a ga ta inda annobar ta ɓullo. Don haka ne Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da manhajar waya mai suna FAMEWS a 2018. Inda babu waya, littafin rubutu ya wadatar, kuma ɗalibin sakandare zai iya riƙe wa mahaifinsa shi: kwanan wata, sunan gona, da yawan masarar da ta kamu.