Tsoro da ramuwa: abin da ke hana yaƙi mutuwa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo ta Kabo, ya zarce Dayi har Malumfashi, a tsohuwar iyaka yake tafiya. A ƙarni na 19 wannan yanki shi ne bakin ƙasar Kano ta yamma, kuma Gwarzo da Ƙaraye na cikin garuruwan da aka ƙarfafa domin tare mahara. Maharan nan, musamman a zamanin sarkinsu Ɗan Baskore, daga Maraɗi suke fitowa, wato zuriyar sarakunan Katsina da jihadi ya raba da birninsu a wajejen 1807. A idon manomin Gwarzo su ɓarayin mutane ne da dabbobi. A idon kansu kuwa masu neman gadon da aka ƙwace musu ne. Kowane ɓangare ya yi imani cewa shi aka fara zalunta, kuma wannan imani ya ishi yaƙi abinci na shekara da shekaru.

Ra'ayina shi ne tsoro ya fi mugunta rayar da yaƙi. Mutum yakan ɗauki makami don yana zaton in bai riga ba za a riga shi, sai shirin da ya yi na kare kai ya zama hujjar maƙwabcinsa ta cewa hari ake shirya masa. Basasar Kano ta nuna haka ƙarara. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, alhali 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi sun riga sun sha tuɓewa da wulaƙanci a mulkin Bello. Yusufu, ɗaya daga cikinsu, da 'yan uwansa suka fice zuwa Takai, domin sun ga in Tukur ya zauna daram ba su da sauran mafaka. Yusufu ya rasu a 1894 kafin a ci birni, amma yaƙin bai mutu tare da shi ba. Ɗan uwansa Aliyu Babba ya karɓi tuta ya ci Kano, aka bi Tukur har ƙasar Katsina, inda ya gamu da ajalinsa a 1895. Dukkansu jikokin Sarki Ibrahim Dabo ne, addini ɗaya, harshe ɗaya, gida ɗaya. Babu bambancin ƙabila da za a ɗora wa laifi; sarauta ce, da tsoron abin da zai sami wanda ya rasa ta.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan a ƙaramin ma'auni. A 1954, a jihar Oklahoma ta Amurka, Muzafer Sherif da abokan aikinsa suka raba yara maza 22 gida biyu a wani sansani, suka sa su gasa. Cikin 'yan kwanaki zagi da ƙona tuta suka biyo baya. Haɗa su cin abinci wuri ɗaya bai sasanta su ba. Gaba ta fara yin sanyi ne da aka jefa su cikin matsalar da sai sun haɗu za su warware, kamar gyaran ruwan shan sansanin.

Wani zai ce duk wannan tausasa laifi ne, domin akwai masu yaƙi don riba kawai, kuma mai satar mutane don kuɗin fansa ba tsoro ne ya kai shi daji ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na ganin a yafe wa mai kisa don ya taɓa jin tsoro. Sai dai shugaban 'yan bindiga shi kaɗai ba runduna ba ne. Yaran da ke bin sa da yawa sun shigo ne ta ƙofar shanun da aka sace wa iyayensu, ko ɗan uwan da aka kashe ba a yi shari'a ba, kuma suna zama ne don sun san in sun fito ba su tsira ba. Wani kuma zai ce ƙarfi kaɗai ke kawo lafiya, tunda harin Maraɗi bai tsaya ba sai da Turawa suka ci Kano a 1903, Faransa kuma ta riƙe Maraɗi. Amma abin da ya riƙe zaman bayan nan shi ne fatake sun samu hanya, kowa ya ga ciniki ya fi hari riba, har Maraɗi ta zama ɗaya daga manyan abokan kasuwancin Kano.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba sulhun zamaninmu. Aminu Bello Masari, lokacin yana gwamna, ya yi sulhu da 'yan bindiga a Katsina a 2016 da 2019, duka biyun suka rushe. An yi taro, an ɗauki hoto, amma makamai sun zauna a hannu, wanda aka kashe wa ɗa bai ga alƙali ba, makiyayin da aka sace wa garke bai ga diyya ba. Abin da Gwarzo da Kabo ke da shi har yanzu ya fi irin wannan taro daraja: kasuwar shanu ta Getso, inda Bafulatani da Bahaushe ke buƙatar juna kowane mako, da madatsar ruwa ta Guzuguzu, da dagatai da limaman da ke yanke rigimar ɓarnar gona tun kafin a zare adda. Burtalin da aka nome, da mashayar da aka killace, da ƙarar da ta kwana wata da watanni ba hukunci, su ne wuraren da hukuma ya kamata ta fara zuba ido a wannan iyaka.