Mene ne nazarin alaƙar mutum da sauran halittu?

Idan ana labarin ambaliya ko farmakin tsuntsaye a gonaki, masana labarin ƙasa sukan ambaci wani fanni da ke nazarin alaƙar mutum da sauran halittu. Tushen fannin shi ne, ruwa da ciyawa da dabbobi su ma suna juya al'amuran rayuwa, kamar yadda mutum yake juya nasu. Farfesa Sarah Whatmore ta Jami'ar Oxford tana cikin waɗanda suka ƙarfafa wannan tunani da littafinta na 2002.

Fadamar Haɗeja da Nguru ta nuna yadda ake wannan nazari. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake cika da damina ya janye da rani sai ya koma kwance kusan duk shekara a wasu sassan fadamar. Ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta mamaye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Mai nazari yana bin wannan sarƙa tun daga ƙofar madatsa har zuwa rumbun manomi.

Wasu na ganin hakan yana sauke laifi daga kan hukumomi ya ɗora wa ciyawa. Amma bin sarƙar ne ke nuna wanda ya saki ruwan da yadda ya sake shi. Manoma da masunta da makiyaya su ne ke ɗanɗana sakamakon, don haka duk gyaran da ya manta da halin kachalla da tsuntsu ba zai ɗore ba.