Adar: A Tambayi Mata Abin da Suka Ji

Bahaushe yana da kalma guda, «ji», wadda ta tattara abin da kunne ya kama, da wari da ƙanshi, da ɗanɗano, da zafin ciwo, har da fahimtar magana. Gani kaɗai ya ware. Bisa wannan ji ne waɗansu mata masu bincike suka kafa aikinsu. Maimakon ƙidayar gadaje da allurai kawai, sai su zauna da mace su tambaye ta abin da ta ji tun daga ƙofar asibiti: tsawar da aka daka mata, warin ɗaki, sanyin ƙarfen awo, idon baƙo bisa jikinta.

Wannan tambaya ta shafe mu a Adar. A 2005 gwamnati ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 kuma na awon ciki, amma ba kuɗi kaɗai ke tsare mace gida ba. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003, kan asibitocin manyan birane 5 na Afirka ta Yamma har da Yamai, ya nuna yadda mugunyar tarba ke korar marasa lafiya.

Ga kuma kunya. Yarinyar Barmu ko Takanamat an hore ta da kada a ji kukanta wurin naƙuda, balle haihuwar fari. Sau da yawa mijinta yana Abijan wurin biɗa, surukuwa ce ke magana a madadinta. Ungozomar da ke jiran ihu kafin ta tashi za ta makara. Gumi da numfashi da cizon leɓe su ne bakin yarinyar. In kuwa Tamajak kaɗai take ji, shirun nata ya zama biyu.

Haka yake a lakwal. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2008, amma ɗiyar da kunnenta ya yi nauyi tana laɓewa bayan aji, malami yana magana fuskarsa ga allo, ƙarshen shekara a ce ba ta da kai. Gyaran wannan bai bukatar ko dala: a maido ta gaba, a fuskance ta, a bar haske bisa bakin mai magana. Ya kamata ɗaliban makarantar horon malamai ta Kawsan, nan Tawa, su gwada shi cikin aji tun kafin a tura su ƙauye.