Noman Kokwamba a Buhu: Lambun da Bai Buƙatar Fili

Duk wanda ya saba tsayawa wurin mai tsire ya san ba a naɗe nama sai an watsa masa albasa da kabeji da 'yan yanka-yankan kokwamba. Idan azumi ya kama kuwa, musamman wanda ya faɗo cikin bazara, sai ta shiga jerin kayan buɗa-baki, wasu su yi kwaɗonta da ƙuli-ƙuli, wasu su barbaɗa mata yaji su ci haka nan. Mafi yawan wadda ake gani a kasuwanni irin 'Yankaba ta Kano da Farin Gada ta Jos daga lambunan rani da gonakin Filato take fitowa, kuma kafin ta iso hannun uwargida ta sha hanya ta sha rana. Alhali kuwa tana cikin kayan lambun da za a iya nomawa a lungun tsakar gida, a cikin buhun shinkafar da aka gama cinyewa, a tsinka kafin wata biyu ya cika.

Noman buhu ya daɗe da wuce matakin gwaji. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi, inda gidaje suka cunkushe har babu wurin kafa fartanya, ƙungiyar agaji ta Solidarités International ta soma koya wa mutane shuka ganyayen miya a buhuna a shekarar 2008, bayan rikicin zaɓen Kenya ya jefa talakawa cikin tsadar abinci. Kafin nan ma, tun 1999, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa shirin ƙananan lambunan gida a Dakar. A Najeriya, abin ya ƙara samun karɓuwa a 2024, shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma a shekarar ce aka gudanar da gasar lambun gida ta mata wadda uwargidan shugaban ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta jagoranta.

Asalin kokwamba daga Indiya ne, inda aka shafe fiye da shekara 3,000 ana nomanta, ko da yake yau Sin ce ke samar da sama da kashi 75 cikin 100 na abin da duniya ke ci. Danginta su ne gurji da kankana da kabewa da duma, wato masu yaɗo. Abubuwa uku suka sa ta dace da buhu: yawancin saiwarta ba ta wuce zurfin santimita 30, tana soma ba da 'ya'ya cikin kwana 45 zuwa 60 daga shuka, sannan idan ta samu abin hawa sama take yi, ba ta cin fili.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai sha'awa ya sani tun farko. A gona, idan sama ta bushe saiwa na iya laluben danshi a ƙasa ko a gefe. A buhu babu wannan gatan. Abin da aka zuba a ciki na ruwa da taki shi ne kaɗai dukiyar shukar, don haka sakacin kwana biyu kan nuna a jikinta. Kusan duk asarar da ake yi a noman buhu daga nan take tasowa.

Buhun shinkafa ko na masara mai cin kilo 50 ya wadatar da tsiro biyu. Na siminti ma yana yi idan an wanke shi fes, amma wanda aka taɓa ajiye maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki ba abin amfani ba ne. Ana huda gindinsa da gefunan ƙasa wuri kamar goma domin rarar ruwa ta fita, a naɗe bakinsa ta waje don ya tsaya da ƙafarsa, a ɗora shi kan bulo ko duwatsu. Cikawa kuwa kamar kashi biyu cikin uku ake yi. Wanda zai jera buhuna a saman bene ya tuna cewa jiƙaƙƙen buhu ɗaya na iya kai nauyin buhun siminti.

Haɗin ƙasa shi ne rabin aikin. Ma'aunin da aka fi bi shi ne kwano biyu na baƙar ƙasa mai laushi, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, da kwano ɗaya na ɓuntun shinkafa ko rairayi. Zallar laka kan daskare ta shaƙe saiwa, zallar rairayi kuma ba ya riƙe ruwa. Taki dole ne ya zama wanda ya daɗe ya huce, domin ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙona tsiro tun bai je ko'ina ba. Bayan an cakuɗa an zuba, ana jiƙa buhun a bar shi ya yi 'yan kwanaki kafin a saka iri.

Iri kashi biyu ne a shagunan kayan gona. Akwai tsofaffin nau'o'i irin Marketmore 76, wanda aka samar a Jami'ar Cornell ta Amurka, da Poinsett 76, waɗanda ba su da tsada kuma ana iya ajiye ƙwayarsu don shuka ta gaba. Akwai kuma iri mai aure, wanda ake gane shi da alamar F1 a jikin leda, kamar Monalisa da Greengo da Murano. Waɗannan sun fi yabanya kuma sun fi jure wasu cututtuka, amma ƙwayar da aka ciro daga 'ya'yansu ba ta maimaita halin uwa, sai an sake sayen sabo. Kokwambar kasuwa kuwa ɗanya ake tsinke ta, ƙwayar cikinta ba ta ƙosa ba, shi ya sa masu gwada shuka ta kan tashi a tutar babu.

Ana saka ƙwaya uku ko huɗu a zurfin gaɓar yatsa ɗaya, wajen santimita 2. Cikin kwana uku zuwa bakwai za su fito. Da sun yi ganyen gaske biyu sai a bar biyun da suka fi ƙarfi, sauran a datse su da almakashi maimakon a tumɓuke, saboda kokwamba ba ta son a taɓa mata saiwa. Wurin ajiye buhun ya zama mai samun rana awa shida zuwa takwas, kuma inda akuya da kaji ba za su kai ba. Tun a makon farko ake kafa gora ko sanduna masu tsawon mita 1.5 zuwa 2, a ɗaura igiya, domin yaɗon ya kama ya hau. Wadda ta hau sama 'ya'yanta kan miƙe samɓal, iska na ratsa ganyenta, cuta ba ta saurin kama ta.

Sai batun ruwa, wanda a nan ne ake gane mai lura. Kimanin kashi 95 cikin 100 na jikin kokwamba ruwa ne, kuma faffaɗan ganyenta na zubar da danshi da sauri a rana. Tsiro ƙarami ban-ruwa ɗaya da safe ya ishe shi, amma idan ya fara fure da 'ya'ya a lokacin zafi, sai an ba shi safe da yamma, a zuba a hankali har a ga ya soma ɗiga ta hudar ƙasa. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a soka yatsa cikin ƙasar, in ya fito a bushe lokaci ya yi. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko kayan miya duk suna yi, amma na omo da na bilic suna lalata ƙasar, domin kokwamba ba ta jure gishiri-gishiri. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a saman ƙasar na rage saurin bushewa.

Ɗacin da ake ji a wasu kokwamba yana da alaƙa da wannan. Shukar na ɗauke da wani sinadari mai ɗaci da ake kira kukabitasin, wanda yawanci a ganye da kara yake zama. Idan ta wahala da ƙishi da zafi, ko aka riƙa yi mata ban-ruwan yau-akwai-gobe-babu, sai ya yawaita a cikin 'ya'yan, musamman ta wajen gindi da ƙarƙashin ɓawo.

Yawan ban-ruwa kuma yana wanke abincin da ke cikin buhu, don haka ana buƙatar ƙari. Mako biyu bayan tsirowa, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na takin NPK 15-15-15, wato kusan giram 6, ya ishi kowane tsiro. Wannan shi ne ma'aunin da masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka yaɗa tsakanin manoman gero. Ana binne shi nesa da kara da faɗin tafin hannu, a bi da ruwa, a maimaita duk bayan mako biyu. Wanda ba ya son takin zamani na iya ƙara dunƙulen hannu biyu na ruɓaɓɓen taki a sama.

Ƙorafin da sababbin masu noman buhu suka fi yi shi ne shuka ta cika da fure amma duk yana zubewa. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Kokwamba na fitar da fure iri biyu a jiki ɗaya, namiji da mace, kuma mazan ne ke riga fitowa da mako ɗaya ko biyu, su buɗe su faɗi. Furen mace ana gane shi da 'yar mitsitsiyar kokwamba a bayansa. Ita wannan ba za ta girma ba sai ƙudan zuma ya kwaso garin furen namiji ya kai mata, in ba haka ba ta yi rawaya ta faɗi, ko ta fito a karkace. A tsakiyar birni, cikin gida mai dogayen katangu, ƙudan zuma na ƙaranci, sai mai lambu ya yi aikin da kansa: da sassafe ya tsinko furen namiji, ya cire masa fatun gefe, ya goga tsakiyarsa a tsakiyar furen mace. Safiya ɗaya furen ke buɗewa, saboda haka ba a ɗaga aikin zuwa gobe. Akwai wasu nau'o'in masu aure da aka ƙirƙiro don rumfunan leda, waɗanda ke yin 'ya'ya ba tare da barbara ba, kuma ana rubuta hakan a jikin ledarsu.

Maƙiyanta sanannu ne. Jajayen ƙwari na huda ganyen tsiro, kuma barbaɗa toka da safe na rage su. Darɓa da farin ƙuda kan ɓuya a bayan ganye suna tsotsa, suna kuma yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare. Maganin da ke kusa shi ne 'ya'yan darbejiya: a daka giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma bayan ƙudan zuma ya tafi. Akwai kuma ƙudan da ke soke ɗanyen ɗa ya yi ƙwai a ciki, tsutsa ta cinye shi. Rufe 'ya'yan da jakar takarda bayan barbara na kare su, waɗanda suka kamu kuma a tsinke a binne. Fiya-fiya da sauran magungunan sauro ko na kyankyaso ba su da wuri a nan, domin kokwamba ɗanya ake cinta, galibi har da ɓawo.

Lokaci ma yana da tasiri. Ta fi jin daɗin yanayin da ke tsakanin digiri 18 zuwa 30. A watannin Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram, sai an yi mata inuwar rana tsaka da tsohon gidan sauro ko zana, in ba haka ba furen maza ya yi yawa. Tsakiyar damina na kawo fumfunar ganye, sanyin hunturu kuma na rage mata saurin girma. Farkon damina da ƙarshenta sun fi sauƙi ga mai koyo.

Ana tsinka idan ɗa ya kai santimita 15 zuwa 20, yana kore shar, da wuƙa ko almakashi, duk bayan kwana biyu ko uku. Barin ko da guda ɗaya ya tsufa ya yi rawaya na sa shukar ta rage fitar da sababbi, domin ƙarfinta ya koma ga ƙosar da ƙwaya. Wajen ajiya kuma, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 na sa ta yi ruwa-ruwa, zama kusa da ayaba ko tumatir na sa ta saurin yin rawaya. Gindin randa ya fi mata can cikin firji.

Bayan makonni uku zuwa huɗu ana tsinka, shukar za ta gaji. Ba a maimaita kokwamba a ƙasar da ta tashi: a juye ta a shanya, a ƙara taki, a shuka alayyafo ko latas, shi kuma buhun a duba shi, domin rana na cinye buhun leda cikin 'yan watanni. Ga mai son farawa, buhu uku ko huɗu sun isa gwaji, kuma idan aka raba shukarsu da tazarar mako biyu-biyu, gidan zai daɗe yana tsinka maimakon duk ta nuna lokaci guda. Wanda ya ci karo da cutar da bai gane ba, ya kai ganyen ga malamin gona na ƙaramar hukumarsa kafin ya sayi kowane magani.