Tsohon Babur Da Ciwon Kafireto: Abin Dubawa Kafin A Taya

'Yan kasuwa da dillalai, yau maganarmu ta tsohon babur ce, irin su Honda CG125 da aka fara ƙerawa a Jafan a 1975, da ƙaramar C70, waɗanda har gobe ana ɗora musu buhu. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mai saye ba ya fara tambayar fenti, sai dai "yaya shan mansa?" Mun sha ganin babur mai lafiyayyen inji an karya masa daraja domin yana tari yana mutuwa, alhali kuwa datti ne kawai a kafireto. Mun kuma ga an sayi mataccen inji, an ce wai "ɗan saiti ne kurum."

Da farko dai a taɓa inji da hannu. In da ɗumi, to an riga an tayar da shi kafin ku zo, sai a jira ya huce. Sa'an nan a kwance fulogi a duba bakinsa. In launin ƙasa-ƙasa ne a bushe, lafiya. In baƙi ne kamar gindin tukunya, salansa kuma tana fid da baƙin hayaƙi, mai ya rinjayi iska. In fari fat ne, iska ta rinjayi mai, wannan kuwa shi ke ƙona bawul. Amma fa in fulogi ya jiƙe da baƙin mai, hayaƙi ya zama shuɗi-shuɗi, a bar kafireto ta huta. Galibi zoben fistin ne ya cinye, sai a rage kuɗin aikin inji daga tayi. Ban da babur irin Vespa, wanda dama gauraya masa mai ake yi.

Babur mai zuƙar mai, galibi ba sukuru ba ne laifinsa. Ƙurar hunturu ce ta toshe soson da ke tace iska, ko cok ya maƙale bai koma ba. Wani lokaci kuma allurar da ke tsayar da mai a cikin kwanon kafireto ce ta cinye, ko ƙwayar yashi ta tokare ta, sai ka ga fetur na ɗiga ta ɗan tiyon ƙasa.

Wanda kuwa ba ya tsayawa a silo sai an ja cok, ko ya riƙa harbi a salansa in an saki totur, ƙaramin jet ne ya toshe, ko robar da ta haɗa kafireto da inji ta tsage tana satar iska. A tsohon babur wannan roba ta kan bushe, kuma ba kasafai ake lura da ita ba. Toshewar kuwa man bumburutu ne da tsatsar tanki ke kawo ta. Akwai sukuru a gindin kwanon: a kwance shi a tara da murfin gwangwani, za a ga ruwa ya kwanta a ƙasan fetur. Jet wanke shi ake yi da fetur a hura masa iska. Kada a yarda yaron bakanike ya zura masa allura ko waya, domin in ramin ya buɗe ba ya komawa, shan mai ya zauna ke nan.

Sai bayan an gama duk wannan, an kuma tabbatar da wuta da saitin bawul, kana a taɓa sukuru. Biyu ne. Ɗaya na ɗaga silo ko sauke shi, ɗaya na gauraya. A bari inji ya yi zafi, a ɗaure na gauraya a hankali har ya tsaya, ba da ƙarfi ba don tsininsa na lalacewa, a warware kamar zagaye ɗaya da rabi, sa'an nan a riƙa ƙarawa ko ragewa kaɗan-kaɗan har a ji inji ya fi sakewa. Ga inda ake ruɗewa: in sukurun yana wajen da iska ke shigowa, warwarewa ƙarin iska ce, in yana wajen inji, ƙarin mai ne. Kuma ikonsa a ƙasan totur yake kawai. In a tsakiyar gudu babur ke shaƙewa, doguwar allurar totur za a duba; in a ƙurewar gudu ne, babban jet.

A Ƙofar Ruwa ta Kano da sauran kasuwannin kayan gyara ana samun sabuwar kafireto 'yar Sin da ke hawa CG. Tana aiki, ba mu ce ba. Sai dai mu a ganinmu, in ta asali ce mai tambarin Keihin, jikinta bai fashe ba, gara a wanke ta a sake mata allura da roba. In ma an canja, dillali ya karɓi tsohuwar ya haɗa da babur, domin masu neman irin waɗannan babura su kan tambaye ta.