TAFIYAR DARE BISA MOTO: KADA GUDUNKA YA WUCE HASKEN FITILARKA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau moto ta shiga kowane gari. Da ita ake zuwa kasuwa. Da ita ake kai marar lafiya gidan likita. Da ita ake zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa. Ta rage muna wahalar tafiya ƙwarai.

Amma moto tana ɗaukar rai. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake ce ma OMS, ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Masu moto da masu tafiya ƙasa suna da yawa cikinsu. Tafiyar dare kuwa ta fi ta rana haɗari. Bari mu duba dalili.

Mene ne ke sakewa in dare ya yi?

Hanya ba ta sakewa. Ramin da ke nan da rana yana nan da dare. Abin da ke sakewa shi ne ganin mutum. Da rana kana hango jaki tun daga nesa, kana da lokacin kauce mishi. Da dare ba ka ganin kome sai abin da ya shigo cikin hasken fitilarka. Iyakar hasken nan ita ce iyakar ganinka.

Fitilar moto tana da haske iri biyu. Akwai gajeren haske, wanda direbobi ke ce ma kod. Yana faɗuwa ƙasa, yana nuna wajen mita 30. Akwai dogon haske, wanda suke ce ma far. Shi yana kai nesa. In gilashin fitila ya yi ƙura, ko ƙwan ya tsufa, hasken ba ya kai haka.

Mita ɗaya kamar babban taki ɗaya ne na namiji. Ke nan mita 30 taki 30 ne. Ba nisa ba ne.

Mu yi lissafi tare

Moto ba ta tsayawa nan take. Sai ido ya gani, hankali ya gane, sannan hannu da ƙafa su kama birki. Wannan yana cin wajen sakan ɗaya, wato ɗan lokacin da mutum zai ce salamu alaikum. Cikin wannan lokaci moto tana nan tana gudu. Bayan an kama birki ma, sai ta ƙara tafiya kafin ta tsaya.

Ga yadda abin yake bisa kwalta mai kyau, busasshiya, da birki mai kyau:

Gudun kilomita 40 a awa: moto tana cin mita 11 kafin ka taɓa birki. Gaba ɗaya tana tsayawa cikin mita 20 zuwa 25.

Gudun kilomita 60 a awa: tana cin mita 17 kafin ka taɓa birki. Gaba ɗaya sai ta ci wajen mita 40.

Gudun kilomita 80 a awa: tana cin mita 22 kafin ka taɓa birki. Gaba ɗaya sai ta ci wajen mita 60.

To, ku duba. Fitila tana nuna mita 30. Mai gudun 60 yana bukatar mita 40. Ke nan lokacin da ya ga amalanke, ya riga ya makara. Ko birkinshi sabo ne, sai ya buge ta. Mai gudun 40 shi ne zai tsaya lafiya.

Wannan lissafi na kwalta ne. Bisa tsakuwa ko rairayi taya tana zamewa, nisan yana ƙaruwa. In an ɗauko mutum biyu da buhun hatsi, nauyi yana ƙara shi kuma. Shi ya sa muke cewa: ka yi gudun da za ka iya tsayawa cikin hasken da kake gani.

Abubuwan da dare ke ɓoyewa

Babbar hanya mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Maraɗi, Tasawa da Damagaram, har Difa. Ta ratsa garuruwa da gonaki masu yawa. Kowa yana bin ta: manyan motoci, moto, keke, amalanke, dabbobi da masu tafiya ƙasa.

Amalanke ba ta da fitila. Ranar kasuwa, kamar alhamis a Damagaram ko lahadi a Tawa, amalanke da yawa suna komawa gida bayan magariba. Wani lokaci yaro ne ke kora ta, wani lokaci ma ya yi barci bisa kaya.

Dabbobi ba su san doka ba. In ka ga tunkiya ɗaya ta ƙetare, ka sani wasu suna biye. Raƙumi dogo ne, gajeren haske yana kama ƙafafunshi kawai. In ka hango ɗan ƙyalli biyu gefen hanya, idanun dabba ne, ka rage gudu.

Babbar mota in ta lalace, sau da yawa ana barin ta bisa hanya ba wuta. Ana jera rassan itace ko duwatsu don alama. In ka ga ganye bisa kwalta, kada ka ce iska ce ta kawo shi.

Fitila ɗaya da ke zuwa gabanka ba kullum moto ba ce. Tana iya zama mota wadda ido ɗaya ya mutu. Ka ba ta wuri, ka riƙe hannunka na dama sosai.

Da damina ruwa yana cin gefen hanya, yana haƙa rami. Ƙorama tana iya kawo ruwa cikin dare, ko da ba a yi ruwa garinku ba. Kada ka shiga ruwan da ba ka ga ƙasanshi ba. Ka jira safiya.

Da hunturu kuwa, hazo da ƙura suna mayar da dogon haske cikin idonka. Nan gajeren haske ya fi amfani.

In mota ta haske maka ido

Hasken babbar mota yana makantar da mutum na ɗan lokaci. Ko bayan ta wuce, ido ba ya komawa daidai nan da nan. Cikin wannan lokaci kana tafiya kamar makaho. Dattawa sun fi jin wannan, don idonsu ya fi jinkirin komawa.

Kada ka kalli hasken. Ka mayar da idonka ga bakin hanya na dama, ka rage gudu. In abin ya yi yawa, ka sauka daga kwalta ka tsaya. Kai ma ka sauke haskenka in wani yana zuwa. Wanda ka makantar, kanka zai faɗo.

Kafin ka tashi, ka duba abu shida

1. Fitilar gaba. Ka kunna kod da far. Ka shafe gilashin da tsumma. Ka riƙe ƙwan fitila na ajiya. Tocila a baki ko hasken salula ba su zama fitila ba.

2. Jar wutar baya. Ita ke nuna ma na bayanka kana nan. Kada kaya ko babbar riga su rufe ta.

3. Birkin gaba da na baya. Duka biyu ake kamawa tare, a hankali.

4. Tayoyi. Su kasance da iska daidai. Tayar da ta suɗe ta yi sumul ba ta kama ƙasa.

5. Mai. Ka tabbata zai kai ka. Tsayawa cikin daji da dare ba daɗi.

6. Tufafi. Ka sa fari ko mai haske. Baƙar riga tana ɓoye ka. Rigar nan mai ƙyalli, irin ta ma'aikatan hanya, ta fi kowace. A tattare zane da bakin riga, kada su shiga taya.

Hular ƙarfe

Hular ƙarfe, wato kaska, ba ado ba ce. Ƙafa in ta karye ana ɗora ta. Ƙwaƙwalwa in ta fashe ba ta da ɗori. Yawancin masu moto da ke mutuwa, bugun kai ne ke kashe su. Rawani da hula ba su tare dutse.

A ɗaure igiyar kaska ƙarƙashin haɓa. In ba a ɗaure ba, tana faɗuwa kafin kai ya kai ƙasa. Gilashinta ya zama fari mai tsabta. Baƙin gilashi na rana ne. Wanda aka goyo shi ma yana da kai ɗaya ne, shi ma ya sa.

Barci da ƙwaya

Wanda ya wuni gona ko kasuwa ya gaji. Barci ba ya sallama. In ka fara hamma, ko idonka ya yi nauyi, ka tsaya gari na kusa ka kwana. Goro da shayi ba su biyan bashin barci.

Wasu samari suna shan taramol wai don ƙarfi. Wannan ƙwaya tana rage hankali, tana kawo jiri, tana iya sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Giya ma tana rage gani da hankali. Kada ka hau bayan wanda ya sha.

In tafiyar ta zama dole

Wata tafiya ba ta jiran safiya, kamar naƙuda mai wuya ko cizon maciji. Nan ne zuciya ke cewa a yi sauri. Amma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ga lissafi: tafiyar kilomita 20 da gudun 60 minti 20 ce. Da gudun 40 minti 30 ce. Bambancin minti 10 ne kawai. In kun faɗi, marasa lafiya sun zama biyu ko uku, ba wanda ya isa likita.

A zaɓi direba mai natsuwa wanda ya san hanya. In da hali, moto biyu su tafi tare. A faɗa ma mutanen gida hanyar da za a bi.

A kuma san dokar wuri. Saboda tsaro, hukuma ta hana yawo da moto a jihar Difa a 2015, da wasu sassan jihar Tilaberi a 2020. Irin wannan doka tana sakewa. Kafin doguwar tafiya, a tambayi mai gari ko jandarmomi. In ka iso shingen jami'an tsaro da dare, ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke haske, ka tsaya.

In ka tarar da haɗari

Ka ajiye motonka gefe da wuta kunne, don na baya su gani. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko a sanar da jandarmomi da gidan likita na kusa.

In jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai bisa rauni. Kada a ba wanda ya suma ruwa, yana iya shaƙe shi. Kada a fizge kaskarshi, sai in ba ya numfashi. In za a ɗauke shi, mutum uku ko huɗu su ɗauka tare, kai da wuya da baya su tsaya miƙe.

Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi ya yi tafiya, a kai shi likita. In ya fara amai ko yawan barci, a gaggauta.

Aikin gari duka

Masu amalanke su ma suna da nasu. A manna ƙyalle mai ƙyalli ko a rataya fitila a bayan amalanke. A shigar da dabbobi gida kafin duhu. Mai tafiya ƙasa ya bi gefen da zai riƙa ganin abin da ke zuwa gabanshi, ya riƙe tocila.

Ga aikin da za ku yi a makarantarku ta yaƙi da jahilci. Bayan isha'i, ku tsayar da moto a fili, ku kunna kod. Mutum ɗaya mai baƙar riga ya yi ta tafiya yana ƙirga taki, har ku daina ganinshi. Ku rubuta lambar bisa allo. Sannan mai farar riga ya yi haka. Ku gwada lambobin biyu da lissafin da ke sama. Kowane mai moto zai ga gudun da ya dace da fitilarshi.

Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Iyalinka suna jiranka. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.