Da aka katse waya, wa ya ba mu labari?

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don kada 'yan bindiga su san motsin jami'an tsaro. Jami'ai na da wayar oba-oba, mu kuwa sai wanda ya dace da sabis ɗin Nijar. 'Yan jarida suka koma jiran sanarwar kakakin 'yan sanda, jita-jita ta cika kasuwanni.

Mun yarda a ɓoye shirin farmaki. Amma adadin waɗanda aka kashe ko aka sace, haƙƙinmu ne mu sani. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa tambayar da aka rubuta mata, ko da ɗalibi ne ya rubuta.